Maigidana ya ji sauƙi ya ajiye magani, likita kuma ya ce a sake leƙa maƙoshi

Maman Khalifa: Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema, musamman daga likitocinmu. Maigidana tun muna sabon aure shi ne na ƙarshen tashi daga kan kwano. Kowace loma sai ya kora ta da ruwa, nama kuwa sai na dafa ya yi luguf. Da Babbar Sallah tsokar naman layya ta kakare masa, ko yawu ya kasa haɗiyewa, sai tofarwa yake a roba. A asibiti aka zura masa na'urar nan mai kyamara, wato endoskofi, aka ciro naman, suka tsinki 'yan ƙananan tsoka daga hanyar abincin suka kai gwaji. Sakamako ya fito wai EoE, wata cutar kumburin hanyar abinci. An ɗora shi kan omeprazole safe da yamma na sati takwas, ya sha, yanzu yana cin abincinsa lafiya lau. Likitan ya ce a dawo a sake zura na'urar, in ba a ga sauyi ba, ko dai ya bar madara da nono, ko a ba shi inhela ya riƙa haɗiyewa. Shi kuma ya ce ya warke, ba zai sake biyan kuɗin endoskofi ba, har maganin ya ajiye. Don Allah wa ya taɓa jin ana haɗiye inhela?

Baban Ummi: Wa'alaikumus salam. Hajiya wannan ai olsa ce ta hauro sama. Tunda omeprazole ya yi masa aiki magana ta ƙare. Ya rage yaji da tsami kawai. Asibitocin nan wani lokaci neman na cefane suke.

Ɗan Damagaram: Allah shi ƙara lafiya. Mu nan in nama ya tsaya wa mutum, Coca-Cola mai sanyi ake ba shi ya kwankwaɗa, sai ya wuce.

Likitan Ciki: Wa'alaikumus salam Hajiya, Allah ya ƙara sauƙi. Bari in fara da maganar Ɗan Damagaram domin ita ce mai hatsari. Mutumin da ya kasa haɗiye yawunsa, hanyar ta toshe gaba ɗaya. Abin da ka ɗura masa ba shi da wurin zuwa sai ya dawo, kuma yana iya faɗawa huhu. Kada a ba shi lemo, kada a tura masa ayaba ko curin tuwo, kada a sa yatsa. Asibiti kai tsaye, kuma a irin wannan hali so ake a ciro abin cikin 'yan sa'o'i, ba a jira gari ya waye.

Malam Baban Ummi, ba olsa ba ce. EoE cuta ce ta garkuwar jiki, dangin asma da borin jini. Akwai wasu fararen ƙwayoyin jini da ake kira isinofil. Hanyar abinci mai lafiya, wato bututun da ya taso daga maƙoshi zuwa tumbi, babu su a jikinta. A mai wannan cuta wani abu da yake ci ne, galibi, yake kiran su su taru a wurin su haddasa kumburi. Idan aka sa tsokar da aka tsinka a madubin gwaji aka ƙirga 15 ko fiye a fili ɗaya na madubin, ga kuma wahalar haɗiya, an kuma kore sauran dalilai, sai a ce EoE ce. Ta fi kama maza, wajen ninki uku na mata, kuma sau da yawa za ka tarar mutum yana da asma ko yawan atishawa ko ƙaiƙayin fata tun yana yaro. Ba a ma daɗe da gane ta a matsayin cuta mai zaman kanta ba. A 1993 da 1994 ne Stephen Attwood da Alex Straumann suka bayyana ta a rubuce-rubucensu daban-daban.

Maman Khalifa: Ikon Allah. Likita wallahi yana da asma tun yana ƙarami, da hunturu ba ya rabuwa da inhela. To amma in ba olsa ba ce, me ya sa maganin olsa ya yi masa aiki?

Likitan Ciki: Domin omeprazole da 'yan uwansa ba rage tsamin ciki kaɗai suke yi ba, suna kuma rage siginar da ke kiran isinofil zuwa wurin. Kusan rabin masu cutar sukan samu kumburin ya kwanta da shi. A da, wanda ya ji sauƙi da shi sai a ce ba EoE ce da shi ba. Tun 2018 masana suka ajiye wannan ra'ayi, suka ce magani ne kawai daga cikin magungunanta. Matsalar ita ce ba mu san ko maigida yana cikin rabin da ya yi wa aiki ba sai an sake tsinkar tsoka an duba.

Baban Ummi: Ranka ya daɗe, a nan ne fa na kasa gane ku. Mutum ya ce ya warke, yana cin abinci, ba ya jin komai. Wa ya fi shi sanin jikinsa? Sai a ce sai ya sake kwanciya an zura masa tiyo a biya maƙudan kuɗi don a tabbatar masa da abin da ya riga ya sani?

Bazazzagi a Ingila: Baban Ummi bari ni in amsa maka, don ni mai ita ne. Na yi shekaru ina cewa lafiyata ƙalau. Lafiyar me? Na daina cin burodi sai na tsoma a shayi. A wajen biki in aka kawo tsire sai in ce na ƙoshi. Shinkafa sai da miya ta yi iyo a kanta. Ƙwayar magani in ta cika girma sai na raba ta. Duk wannan ban ɗauke shi ciwo ba, na ɗauka haka Allah ya yi ni. Da aka leƙa, aka nuna mini hoton: hanyar abincin ta yi zobe-zobe kamar maƙogwaron rago, ga fararen ɗigo-ɗigo, ta tsuke har na'urar da ƙyar ta wuce. Hajiya ki lura da maigida a kan abinci yau da daddare. Ki ga ko kofin ruwa yana nan kusa da hannunsa, ki ga ko yana tsame naman yana ajiyewa gefe. Mu masu cutar nan mun iya kauce mata, har kanmu muke ruɗa.

Maman Khalifa: Yaya kamar kana gidanmu. Jiya da na yi farfesu romon ya shanye ya bar wa yara naman.

Likitan Ciki: To kin ji. Abin da mutum yake ji da abin da ke faruwa a cikin tsokar ba sa tafiya tare a wannan cuta. Kumburi yana iya ci gaba shiru, shekara da shekaru, yana mayar da bango mai laushi ya zama tabo mai tauri. Kumburi magani yana kwantar da shi. Tabo kuwa in ya kafu ya tsuke hanya, sai an shiga da balan-balan ko sandar roba an buɗa. Kuma in aka ajiye magani, a mafi yawan mutane cutar dawowa take cikin watanni. Labari mai daɗi dai shi ne ba a same ta tana rikiɗewa ta zama sankara ba.

Wani abu Hajiya: tunda ya riga ya ajiye maganin, in aka leƙa yanzu ba za a san ko ya yi aiki ba. Ku koma wa likitansa ku faɗa masa gaskiya. Mai yiwuwa ya ce a sake sha na wasu makonni, a yi gwajin yana kan shan maganin.

Mai Famasi: A kan haɗiye inhela, ba tatsuniya ba ce Hajiya, kuma ba shuɗiyar nan ta Ventolin da yake shaƙa in numfashi ya sarƙe ba ce. Fluticasone ce, mai sitiroyid. Ana fesawa a baki ba tare da an ja numfashi ba, ba a sa mazurarin nan na roba, sai a haɗiye da yawu. Manufar ita ce maganin ya shafi bangon hanyar abincin. Bayan nan minti 30 ba ci ba sha, in ba haka ba an wanke shi. Wata hanyar kuma ruwan budesonide na injin turara maganin asma ake kwaɓawa da abu mai kauri, wasu da garin zaƙi na Splenda, wasu da zuma, a sha a hankali. Jaririn da bai kai shekara ba dai ba a ba shi zuma. Illar da aka fi gani ita ce farin fumfuna a baki ko a maƙoshi, shi ya sa ake kurkure baki a tofar. Roƙona ɗaya: kada wani ya karanta wannan ya je kemis ya saya wa kansa. Adadin feshin ya bambanta da na asma, likita ne zai ƙayyade.

Bazazzagi a Ingila: Mu nan ƙwaya ake ba mu, Jorveza, budesonide ce ita ma. Turai ta amince da ita a 2018. Kana ɗora ta a kan harshe ka danna ta a rufin baki, ta narke a hankali kana haɗiye yawun. Safe da dare. Bayan an ga kumburin ya kwanta aka rage mini zuwa rabin ƙarfinta, kuma a kai nake har yau. An buɗa mini hanyar ma, ƙirji ya yi ciwo na 'yan kwanaki, daga nan na ci tsire ba fargaba. Ni shawarata a bi magani a huta. Maganar barin abinci wahala ce kawai.

Anti Mai Ilimin Abinci: Yaya Bazazzagi, ka ce a huta domin kai asibitin gwamnatin Ingila ke rubuta maka Jorveza. Wanda ke gida fa, da zai sayi inhela da kuɗinsa wata bayan wata, wataran ma ya zaga kemis-kemis babu? Barin abinci shi kaɗai ne maganin da ke tunkarar tushen abin, kuma ba a sayensa.

Ga yadda abin ya faro. A 1995 aka gwada wasu yara goma a Amurka, aka cire musu duk wani abinci aka bar su da madarar gwangwani ta musamman wadda aka narkar da furotin ɗinta gaba ɗaya, sai kumburin ya kwanta. A nan aka gane abinci ne. Wannan hanya tana aiki ga kusan tara cikin goma, amma babba ba zai iya rayuwa a kanta ba, ga ɗaci ga tsada. A 2006 likitocin yara a Chicago suka zo da cire abinci shida: madara, alkama, ƙwai, waken soya, gyaɗa da danginta, kifi da sauran naman ruwa. Wajen bakwai cikin goma sukan dace.

To amma ku fassara shidan nan zuwa kicin ɗinmu ku gani. Madara: fura da nono, kindirmo, yogot, cuku, madarar shayi ta gari da ta ruwa. Alkama: burodi, gurasa, taliya, indomi, funkaso, alkaki, fanke, cincin, semo, har ɗanwake in an sa fulawa. Waken soya: awara, da daddawar da ake yi da shi maimakon kalwa. Gyaɗa: ƙuli-ƙuli, kunun gyaɗa, yajin tsire, labun kilishi, miyar taushe, kwaɗon zogale. Kifi: busasshen kifi da kirefish da muke dakawa a miya. Ka ga an bar mutum da tuwon dawa, na masara, na shinkafa, gero, acca, doya, dankali, wake, nama da ganye. Ana rayuwa a haka, amma gidan da ake tukunya ɗaya, uwargida ce za ta ji a jikinta.

Shi ya sa yanzu ba a farawa da shida. A 2023 aka buga wani gwaji da aka yi a Amurka kan manya 129. Waɗanda suka bar madara kaɗai, kashi 34 cikin ɗari kumburinsu ya kwanta. Waɗanda suka bar shidan duka, kashi 40. Tazarar ba ta taka kara ta karya ba. Don haka likitan maigida da ya ce madara da nono, ya san abin da yake yi. A Sifaniya kuma akwai tsarin farawa da biyu, madara da alkama, in bai yi ba a koma huɗu, sannan shida.

Hajiya Babba: Ke 'yar nan, nono? Nonon da aka raine mu da shi, Fulani suna sha tun kaka da kakanni suna tafiya daga nan har Adamawa a ƙafa? Ni ban yarda nono yana sa ciwo ba. Madarar gwangwani dai ta Bature, wannan na yarda.

Anti Mai Ilimin Abinci: Allah ya ƙara girma Hajiya. Ba nonon ne da laifi ba, jikin mai cutar ne yake ɗaukar furotin ɗinsa a matsayin abokin gaba. Ke da ni mu sha mu yi ƙiba. Shi kuwa ko daga ƙwaryar Bafulatana ya fito ko daga gwangwani, furotin ɗin saniya ɗaya ne, tsami ko tafasa ba sa kawar da shi. Na akuya da na tunkiya ma sun yi kama da shi ƙwarai, ba a musanyawa da su. Furar dai zai iya damawa da ruwa ya sa sukari ko zuma.

Hajiya Babba: Fura da ruwa. Allah ya kyauta, wannan ai horo ne.

Bazazzagi a Ingila: Anti kin faɗi daɗin, ba ki faɗi ɗacin ba. Kin ce barin abinci ba a sayensa. Endoskofin fa? Ka bar madara sati shida ko takwas, a leƙa. Bai yi ba, ka ƙara alkama, a leƙa. In ka bar shida kuma ya yi, sai a riƙa dawo da su ɗaya bayan ɗaya, kowanne a leƙa, don a gano mai laifin. Mutumin da ya ƙi komawa sau ɗaya saboda kuɗi, shi za a ce ya koma sau biyar? Ni na gwada barin madara da alkama. Kowane abu a kanti sai ka juya bayansa ka karanta. Ka je gidan mutane ka zama abin tausayi. Na haƙura.

Anti Mai Ilimin Abinci: Wannan gaskiya ne, kuma shi ya sa na ce madara kaɗai. Leƙe ɗaya ne bayan an bari. In ya dace, ya rabu da sayen magani muddin ya kiyaye. In bai dace ba, ya koma inhela bai yi asarar komai ba sai kindirmon wata biyu. Ai ko maganin naka sai an leƙa an tabbatar ya yi aiki.

Baban Ummi: To ba ga gwajin alaji da ake yi a fata ba? A yi masa mana a ga abin da jikinsa ba ya so, a huta da wannan cacar.

Likitan Ciki: Da ya yi aiki da mun fi kowa murna. Gwajin fata da na jini suna kama alajin da ke tashi nan take, irin wanda mutum zai ci gyaɗa leɓe ya kumbura. EoE ba ta wannan hanya take bi ba, a hankali take ginuwa cikin kwanaki da makonni. Sai gwajin ya nuna ƙwai, a bar ƙwai, ashe madara ce. Ƙirgen isinofil a jini ma ba ya wadatarwa, balle a wurinmu da tsutsar ciki kaɗai kan ɗaga shi.

Game da gardamar Anti da Bazazzagi, ni a asibiti ba na zaɓar wa mutum. Ina tambayarsa wanne zai iya riƙewa shekara biyar. Direban da ke cin abinci a tasha ba zai iya sanin abin da aka zuba a miya ba, inhela ta fi masa. Wanda matarsa ke dafa masa komai kuma ba ya son magani kullum, abinci ya fi masa. In omeprazole ya riga ya yi aiki, duk wannan ma ba ta taso ba, sai a ci gaba da shi a mafi ƙarancin adadin da zai riƙe cutar.

Maman Biyu a Amurka: Sannunku. Ɗana ne mai ita, shi tun yana ƙarami ya fara da amai da ƙin abinci, ba ya ƙiba, don yara ba su cika zuwa da kakarewar nama ba. Mun bar madara, mun bar alkama da ƙwai, mun yi budesonide, kumburin bai kwanta ba. Yanzu yana kan allurar Dupixent a ƙarƙashin fata. Hukumar magunguna ta nan ta amince da ita don wannan cuta a Mayun 2022 ga 'yan shekara 12 zuwa sama, sannan a Janairun 2024 ta sauko har 'yan shekara ɗaya masu nauyin kilo 15. Manya sati-sati suke yi. Tana toshe saƙon da ke tayar da kumburin, kuma da ma ana amfani da ita ga asma da cutar fata. Alhamdulillahi ta karɓe shi. Amma tsadarta ba a magana, kuma sai da inshora ta ga shaidar mun gwada sauran hanyoyin kafin ta yarda. Akwai kuma ruwan budesonide da aka haɗa tun daga kamfani, Eohilia, da ya fito a 2024. Na faɗa ne don a san akwai mataki na gaba, ba don a fara da shi ba.

Ɗan Damagaram: Likita na karɓi gyara kan lemo. Tambaya: kawuna ya kai shekara sittin da wani abu, watannin nan abinci na tsaya mishi, ya koma kunu, ya rame sosai. Shi ma inhelar za a nema?

Likitan Ciki: A'a Malam, kada ku nemi komai sai asibiti, kuma cikin makon nan. Dattijo, wahalar haɗiya mai ƙaruwa cikin watanni, ga rama: wajibi ne a leƙa a kore sankarar hanyar abinci tukuna. Wahalar haɗiya tana da dalilai da yawa. Akwai tsukewa daga daɗaɗɗen ƙwarnafi, akwai cutar da bakin tumbi ke ƙin buɗewa, akwai fumfuna ga masu raunin garkuwa, akwai yaran da suka sha sodar yin sabulu hanyar ta ƙone. Duk da na'ura ake bambance su.

Admin: Ɗan Damagaram a tura wa Likita saƙo ta gefe don a ba ku jagora. Sauran jama'a, masu turo tallar maganin gargajiya na goge guda biyu, a kiyaye.

Maman Khalifa: Assalamu alaikum, ba ita ba ce, maigidan ne na karɓi wayar. Na karanta duka. Malam Bazazzagi ka tona mini asiri, maganar romo gaskiya ce. Zan koma wajen likitan. Tambayata biyu. In aka ce in ci gaba da magani, yaya zan yi da azumi? Sannan nono zan iya bari, amma a gaya mini gaskiya, kilishi fa?

Likitan Ciki: Barka da zuwa Alhaji. Azumi ba ya hana komai, tunda duk magungunan sau biyu ne a rana. Omeprazole ya fi aiki in an sha kamar rabin sa'a kafin abinci, don haka ka sha ruwa da dabino, ka haɗiyi ƙwayar, ka yi Magariba, sannan ka zauna cin abinci. Da asuba ka sha da ka farka kafin sahur. In inhela ce, ita ce ta ƙarshe bayan ka gama sahur kafin alfijir, ta dare kuma lokacin kwanciya. Ka yi hattara da lomar farko ta buɗa baki, lokacin ne mutane ke haɗiya da gaggawa.

Kilishi kuma, naman kansa ba ya cikin manyan abubuwan da ke tayar da cutar. Yana kakarewa ne don hanyar ta tsuke. Har sai an leƙa an ga faɗinta, ka bar kilishi da balangu da ganda, ka tsaya kan dambun nama da nikakke. In an kwantar da kumburin, an buɗa in da buƙata, za ka koma ci.

Anti Mai Ilimin Abinci: Sai dai in an kai ga cire gyaɗa, Alhaji, don labun kilishi tunkuza ce. Amma ba a kai nan ba. Maman Khalifa in an ce a bar madara, ki duba bayan gwangwanin kayan shayi da biskit da bota, kusan duk akwai ta a ciki. Man shanu ma a ɗaga masa ƙafa a makonnin gwajin, don wanda ake soyawa a gida ba ya rabuwa da ɗan saura.

Hajiya Babba: Man shanun ma? To ke Maman Khalifa ki raba tukunya, ki zuba masa manja a tasa miyar kukar. Kada a ce don mutum ɗaya a hana yara.